Masu Farautar Gawar Tauraro

A shekarar 1054 hasken wani tauraro da ya tarwatse ya iso duniya, har masana a ƙasar Sin suka yi kwana 23 suna ganinsa da rana tsaka. Gawarsa na nan har yau, gabas da Kaza da 'Ya'yanta: wani ɗan gajimare da Turawa suka raɗa wa suna Ƙaguwa. Ido ba ya ganinsa, kuma haskensa sai ya yi tafiyar shekara kusan 6,500 kafin ya iso mu. Shi wasu ke hana idonsu barci don su ɗauka a hoto, ba don ko sisi ba, sha'awa ce kawai.

Kayan aikin madubin hangen nesa ne, da kyamara, da wata ƙafa mai inji da ke juyawa sannu-sannu tana bin taurari. A saitin ƙafar nan ake gane gwani. In ba ta fuskanci tauraron arewa daidai ba, taurarin sai su fito a hoton dogo-dogo kamar zare. A nan wajenmu kuwa, kamar a Gummi, tauraron arewa ƙasa-ƙasa yake, digiri 12 kacal, katangar maƙwabci ma sai ta tare shi.

Hoto ɗaya na minti biyar dishi-dishi yake fitowa. Sai an ɗauki hamsin ko ɗari, a jibga su kan juna a kwamfuta da manhaja irin Siril, tamkar marini da ke ta tsoma zane a baba har ya kama. Sannan jan haidirojin zai bayyana, da shuɗi-shuɗin oksijin, siri-siri kamar jijiyoyi.

A Turai masu wannan aiki kan yi tuƙin awoyi neman duhu. Mu a Anka da Bukkuyum kyauta muke samunsa, albarkacin wutar lantarkin da kullum muke ƙorafin rashinta. Sai dai lokacin ƙanƙane ne: bayan ɗaukewar damina, kafin hazo ya rufe sama, kuma a duhun wata. A Nuwamba Ƙaguwa kan zo kusan tsakar ka bayan tsakar dare.

To amma wa zai fita bayan gari ƙarfe biyun dare a wannan zamani, ɗauke da dogon bututu kan ƙafa uku? In ya tsira daga 'yan bindiga, sai ya sha tambaya wurin 'yan sa-kai. Mai son gwadawa dai ya kafa kayansa a tsakar gida, ya jira a kashe janareto na ƙarshe a unguwa.