Tambayar Ƙaramar Hukuma Ba Rashin Kunya Ba Ne

Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin allon kwangila a bakin hanya, an rubuta za a haƙa rijiyar burtsatse ko a gina ɗakin shan magani, shekara ta zagayo ba a ga komai ba sai allon. Mukan yi gunaguni a kasuwa da gindin bishiya, amma ba safai mukan je sakatariya mu nemi bayani ba, domin muna ganin kamar raini ne talaka ya tambayi ciyaman. To, 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu da iyayenmu, doka ta ba mu wannan dama, kuma ya kamata mu san yadda ake amfani da ita.

Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora masu kula da kasuwanni, tashoshin mota, magudanan ruwa da maƙabartu, tare da sa hannu a harkar makarantun firamare da kiwon lafiya. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba su kasonsu na asusun tarayya kai tsaye. Kuɗin nan na jama'a ne, saboda haka jama'a na da hakkin sanin inda suka shiga.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ba ta zo da sauƙi ba. Tun 1993 'yan jarida da masu kare hakkin jama'a suka soma neman ta. Majalisar Tarayya ta amince da ita a 2007, amma Shugaba Olusegun Obasanjo bai sa hannu ba. Sai a ranar 28 ga Mayu 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu. Bayan haka waɗansu jihohi suka ce dokar ta tarayya ce kaɗai, ba ta shafe su ba. A watan Afrilu 2025, cikin wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, Kotun Ƙoli ta ce dokar ta hau kan dukan matakan gwamnati.

Yaya za mu nema? Mu rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, mu sa kwanan wata da adireshinmu, mu ambaci cewa muna nema ne bisa dokar 2011. Mu faɗi ainihin abin da muke so. Idan muka rubuta, "Ina kuɗinmu suka tafi?" za a rasa abin ba mu. Gara mu ce muna son kwafin takardar kwangilar rijiyar ƙauye kaza, da sunan ɗan kwangilar, da adadin da aka biya shi, da ranar biyan. Ba dole ne mu faɗi dalilinmu ba. Doka ta ce kowane mutum zai iya nema ba tare da nuna abin da ya haɗa shi da maganar ba. Wanda bai iya rubutu ba, ko mai nakasa, wani zai iya nema a madadinsa. A nan ne mu ɗalibai za mu taimaki iyayenmu lokacin hutu.

Mu yi wasiƙar kwafi biyu. Mu miƙa ɗaya, akawu ya buga wa ɗayan hatimi, ya sa hannu da kwanan wata, mu adana shi. Wannan kwafin shi ne shaidarmu, domin daga ranar ake soma lissafi. Ba a biyan kuɗin tambaya, sai dai kuɗin buga kwafin takardun.

Hukuma tana da kwana 7 ta ba da amsa. Idan takardun suna da yawa ƙwarai, ko sai an yi shawara da wani ofishi, za ta iya ƙara kwanaki da ba su wuce 7 ba, amma sai ta sanar da mu. Idan ta ƙi, wajibi ne ta rubuto dalili, ta nuna sashen dokar da ta dogara da shi. Idan kuwa ta yi shiru har wa'adi ya cika, doka ta ɗauki shirun a matsayin ƙi.

Gaskiya ne akwai abin da aka yarda a hana: sirrin tsaron ƙasa, binciken laifi da ake cikin yi, bayanan rayuwar wani mutum, sirrin kasuwanci, har da tambayoyin jarrabawa, don haka kada wani ɗalibi ya sa rai! Amma ko a yawancin waɗannan, idan amfanin jama'a ya fi cutarwar nauyi, sai a bayar. Kuma idan layi biyu ne kawai na sirri a takarda, sai a rufe su a ba mu saura.

Idan an hana mu fa? Da fari mu karanta dalilin da natsuwa. Watakila mun yi tambaya mai faɗi, sai mu taƙaita. Za mu iya rubuta tunatarwa, mu nemi kansilan mazaɓarmu ya sa baki, ko mu kai kuka Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975. Sai dai kada "ku dawo gobe" ya cinye mana lokaci, domin kwana 30 ne aka ba mu, daga ranar da aka ƙi, mu kai ƙara Babbar Kotun jiha ko ta tarayya, sai fa in kotu ta ƙara mana. A gaban alƙali, hukuma ce za ta tabbatar cewa hanawarta daidai ne, ba mu ba. Idan aka same ta da laifin hanawa ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar Naira 500,000. Ma'aikacin da ya lalata takarda ko ya sauya ta da gangan kuwa, ɗaurin aƙalla shekara 1 ne. Shari'a tana cin kuɗi da lokaci, shi ya sa ya fi kyau ƙungiyar gari ko ta iyaye da malamai ta haɗa kai ta nemi lauya.

A ƙarshe, mu je da ladabi. Akawun da ke bayan tebur ɗan'uwanmu ne, ba abokin gāba ba, kuma wata rana takardun za su nuna an yi aiki daidai, sai mu yaba. Wasunmu da ke aji yau su ne ciyamomi da ma'ajin gobe. Wanda ya koyi tambaya da gaskiya zai fi iya amsawa da gaskiya. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Kafin hutu ya ƙare, kowannenmu ya duba aiki ɗaya da aka yi wa garinsu alkawari, ya ɗauki biro.