Allura ko hasken leza: Abin da bincike ya nuna kan maganin cutar tantanin bayan ido

A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da likitoci ke kira retina. Shi ne ke karɓar haske ya mayar da shi saƙon da ƙwaƙwalwa ke fassarawa a matsayin gani. Idan yana ta rufe ido, likita na iya cire ta ya dasa gilashi a gurbinta, gani ya dawo. Tantanin bayan ido kuwa ba shi da madadi, domin ƙwayoyin da suka mutu a cikinsa ba sa sake tsirowa. Wannan ne ya sa sakamakon magani ya dogara da abu biyu: lokacin da majinyaci ya isa asibiti, da kuma ɗorewarsa a kan magani.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yana ce kan gaba wajen haddasa hakan. Sai dai yawaitar ciwon suga na ƙara jawo hankalin likitocin ido zuwa ga cututtukan retina.

Yadda ciwon suga ke ɓata tantanin

Yawan suga a jini na tsawon shekaru yana raunana ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da tantanin. Wasu su riƙa yoyo, ruwa ya taru a tsakiyarsa, wurin da ake kira makula, wanda da shi ake karatu da gane fuskoki. Wasu kuma su toshe, sai sashen da ya rasa iskar oksijin ya riƙa fitar da wani sinadari mai suna VEGF, wanda ke sa sababbin jijiyoyi su tsiro. Waɗannan sababbin jijiyoyi ba su da ƙwari. Suna fashewa su zubar da jini a cikin ido, ko su bar tabon da ke jan tantanin har ya ɓamɓare daga mazauninsa. Duk wannan kan faru ba tare da zafi ba, kuma gani na iya zama garau har sai ɓarnar ta yi nisa.

Zamanin leza

Magani na farko da aka tabbatar da ingancinsa shi ne ƙona sassan gefen tantanin da hasken leza, domin rage buƙatarsa ta oksijin. Wani babban bincike da Cibiyar Ido ta Ƙasa ta Amurka ta ɗauki nauyi, wanda aka fara fitar da sakamakonsa a 1976, ya nuna cewa wannan aiki na rage haɗarin mummunar asarar gani da rabi ko fiye. A 1985 wani bincike na cibiyar ya nuna cewa leza ta rage asarar gani da kumburin makula ke jawowa da kusan rabi.

Sai dai akasarin aikin leza kare abin da ya rage ne, da wuya ta dawo da abin da ya tafi. Tana kuma rage ganin gefe da ganin dare. Amfaninta shi ne ana kammala ta a zama ɗaya zuwa uku, kuma tasirinta na ɗorewa shekaru.

Zuwan allurar ido

Sauyi ya zo ne bayan da masanin kimiyya Napoleone Ferrara ya ware sinadarin VEGF a 1989, aka kuma samar da magungunan da ke daƙile shi. Ana yin allurarsu kai tsaye a cikin ƙwayar ido bayan an kashe zafin wurin. A 2006 Amurka ta amince da Lucentis domin wani nau'in lalacewar makula da tsufa ke kawowa. A gwajin MARINA da aka wallafa a shekarar, kimanin kashi 95 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa allurar ba su rasa layi uku na allon gwajin ido ba cikin shekara guda, alhali kashi 62 ne kacal suka tsira haka a cikin waɗanda ba su samu maganin ba.

Matsalar ita ce kuɗi, domin a wancan lokacin allura ɗaya ta kai kusan dala 2,000. Tun a 2005 wani likitan ido a Miami, Philip Rosenfeld, ya fara amfani da Avastin, maganin sankarar hanji mai aiki iri ɗaya, wanda idan aka rarraba shi ƙanana-ƙanana kuɗin allura ɗaya ya kama kusan dala 50. Gwajin CATT na 2011, mai majinyata kusan 1,200, ya nuna cewa magungunan biyu sun ba da sakamako daidai da juna bayan shekara guda. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Avastin, da sunansa na asali bevacizumab, a jerin muhimman magungunanta domin amfanin ido.

Game da kumburin makula na ciwon suga, wani gwaji na 2015 mai mutum 660 a Amurka ya kwatanta Avastin da Lucentis da Eylea. Ga waɗanda ganinsu bai yi rauni sosai ba, duk ukun sun ƙara musu kimanin haruffa 8. Ga waɗanda suka zo da gani mai rauni, Eylea ta ƙara kusan haruffa 19, Lucentis 14, Avastin kuma 12. Ma'ana, mai araha ya wadatar ga wanda ya zo da wuri.

Inda gizo ke saƙa

Ƙarfin allurar na ƙarewa cikin makonni, don haka a farkon magani akan maimaita ta kowane wata. Ko a Amurka, da aka sake duba majinyatan CATT bayan shekara biyar, an tarar ƙarin ganin da suka samu da farko ya zube, duk da cewa rabinsu na da gani mai kyau har a lokacin. Wani nazari da likitocin asibitin ido na Wills da ke Filadelfiya suka wallafa a 2019 ya gano cewa masu ciwon suga da suka ɗauke ƙafa fiye da wata shida bayan allura kaɗai sun dawo da ɓarna mafi muni fiye da waɗanda aka yi wa leza.

Wannan darasi ya shafi Najeriya kai tsaye. Ƙwararrun likitocin retina kaɗan ne, kuma suna manyan cibiyoyi irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da wasu asibitocin koyarwa. Majinyacin da zai biya kuɗin mota da na allura daga aljihunsa kowane wata na iya gajiya a hanya. Ga irin wannan majinyaci, idan sababbin jijiyoyi sun riga sun tsiro, leza na iya zama zaɓi mafi aminci, ko a haɗa ta da allura. Sababbin magunguna irin su Vabysmo, da aka amince da shi a Amurka a 2022, na iya kai wasu majinyata wata huɗu tsakanin allura da allura, amma suna da tsada.

Ba masu ciwon suga kaɗai ba

Masu sikila ma na fuskantar tsirowar irin waɗannan jijiyoyi, kuma masu nau'in SC sun fi masu SS shiga wannan haɗari, duk da cewa ciwonsu ya fi sauƙi a jiki. Shi kuwa ɓamɓarewar tantani, tiyata na mayar da shi a mafi yawan lokuta, amma gani ya fi dawowa idan an yi aikin kafin makula ta tashi. Ganin walƙiya a ido, ko ɗigo-ɗigo baƙaƙe masu yawo da suka ƙaru farat ɗaya, ko duhu kamar labule daga gefe, alamu ne da ke buƙatar zuwa asibitin ido a ranar.

Ƙa'idar likitoci ita ce duk wanda aka gano yana da ciwon suga nau'i na biyu a duba bayan idonsa nan take, bayan an ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido, sannan a maimaita kowace shekara ko da yana gani lafiya. Kula da suga da hawan jini na rage haɗarin tun daga tushe. A wani bincike na 1993 kan masu nau'i na ɗaya, tsananta kula da suga ya rage kamuwa da cutar tantanin da kashi 76 cikin ɗari.