Dantchiao: Sana'ar tsara shafukan intanet na jiran matasan da suka iya Hausa

A Dantchiao, ƙaramar hukumar karkara da ke gundumar Magaria a jihar Damagaram, matashin da ya gama girbi ya saba tsallaka iyaka zuwa Najeriya cirani. Yanzu akwai sana'ar da ake iya somawa ba tare da an bar gida ba: tsara shafukan intanet.

A watan Maris na 2025, sabuwar dokar sake gina ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci kuma ya koma harshen aiki. Wannan ya ƙara wa mai iya gina shafi da harsunan biyu daraja, ko mai ba shi aikin ƙungiyar manoman riɗi ce, ko makaranta, ko ɗan kasuwar da ke hulɗa da Kano.

Matakin farko shi ne koyon HTML da CSS, sannan JavaScript. Ana samun darussan kyauta a freeCodeCamp, wanda ya fi jin Faransanci kuma yana iya duba OpenClassrooms. Bayan nan sai WordPress, manhajar da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya ke amfani da ita. Mai son takardar shaida kuwa, akwai Jami'ar André Salifou a birnin Damagaram.

Sai dai hanyar ba ta rasa ƙaya. Ana iya somawa da waya, amma aikin kuɗi yana buƙatar kwamfuta da wuta tsayayya. Yanke wutar da Najeriya ta yi wa Nijar a Agustan 2023, wadda ba ta dawo ba sai Maris na 2024, ya nuna amfanin faifan hasken rana. A nan ƴan uwa da ke ƙetare za su iya taimakawa, ko da da kwamfuta ta hannu ce.

Ɗan Dantchiao yana da abin da mai zane daga nesa ba shi da shi. Ya san yadda shafi mai nauyin hotuna ke cinye data kafin ya buɗe, don haka zai gina mara nauyi. Ya kuma san cewa wasu salon rubutu ba su ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai kalma ta fito da ɗan akwati a tsakiya.

Mai ba da aiki samfuri yake fara tambaya. Shafuka biyu ko uku da aka yi wa shagon unguwa ko makarantar gari sun isa a nuna.