Tsire-tsiren Da Ke Rufe Ƙasa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani ɗan tsiro da masu lambu ke dasawa don ya rufe ƙasa kawai. Sunansa Waldsteinia. Dangin furen wardi ne, ɗan'uwan sitiroberin da ake nomawa wajen Jos. Tsayinsa bai kai taƙi ɗaya ba. Yakan yi yaɗo ya shimfiɗu kamar tabarma, ya yi shekaru ba a sake shuka shi ba.

Wannan tsiro sanyi da inuwa da laima yake so, saboda haka ba zai jure ranin Kusada da Kankiya ba, inda akan yi wata bakwai ba ruwa. Amma aikin da yake yi, manomin Kusada ya fi Bature bukatarsa. In ƙasa tana fili, ruwan sama yakan buge ta ya kwashe ta sama, wadda ita ce mai albarka. Iskar hunturu ta ɗebi saura. Da haka ɗan zaizaye ke zama kwazazzabo.

To, akwai tsire-tsiren gida masu wannan aiki.

Na farko wake mai yaɗo, irin su kanannado. In an shuka shi tsakanin gero ko dawa, ganyensa yakan tare ƙarfin ruwa, ya danne ciyawa, ya riƙe laima. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa taki, ga harawa ta dabbobi. Sai dai na damina ɗaya ne.

Na biyu kirikiri. Ita ce mai shekaru, kowace gaɓa tata da ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa. Wurinta bakin kwari da jikin madatsar ruwa. A dasa ta da faɗuwar damina. Kada a bar ta ta shiga gona, gama fid da ita wuya gare shi.

Na uku duman kada, wanda ke rufe rairayin bakin rafi. A lura, tumaki da awaki in sun ci shi da yawa sukan kamu da karkarwa.

Bayan girbi kuwa, kada manomi ya kwashe kara ƙaf ko ya ƙone shi. Ya bar wani a kwance ya tsare masa ƙasa har ruwa ya sauka. Wanda kwari ya fara cin gonarsa, ya nemi malamin gona tun bai yi zurfi ba.