Me Ya Sa Birkin Keke Ba Ya Zama Hannu Ɗaya a Ko'ina?

Kafin 2 ga Afrilu, 1972, direban da ya taso daga Gumel zai shiga ƙasar Damagaram sai ya sauya hannu a iyakar Maigatari. Nijeriya ta gaji tuƙin hagu daga Ingila, Nijar kuwa dama take bi irin na Faransa. A ranar ce gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta mayar da mu dama, muka daidaita da maƙwabta. Titi ya daidaita, amma kekuna har yau ba su daidaita ba.

Ga yadda abin yake. A ƙasashen da ake bin hagu, irin su Ingila, Indiya da Japan, birkin gaba na keke yana hannun dama, na baya yana hagu. A Amurka da Faransa kuwa akasin haka ne. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne alamar hannu. Kwana mafi haɗari ita ce wadda za ka tsallaka hannun motocin da ke tahowa. A Ingila kwanar dama ce, sai mai keke ya miƙa dama, hagunsa na riƙe da birkin baya. A wajenmu yanzu kwanar hagu ce, don haka tsarin Faransa ya fi dacewa da titinmu.

To me ya sa ake son birkin baya ya rage a hannu? Idan ka taka birki, nauyinka yana tafiya gaba, ya danne tayar gaba. Shi ya sa birkin gaba ya fi ci. Amma idan ka damƙe shi da ƙarfi kana riƙe da kan keke da hannu ɗaya, tayar baya na iya ɗagawa ka wuntsila. A kan yashi irin na hanyoyin Gagarawa da Sule Tankarkar kuwa, tayar gaba zamewa take yi nan take.

Matsalar ita ce duka tsarin biyu suna kasuwanninmu. Kekunan da suka bi salon Raleigh na Ingila gabansu na dama, na gwanjo kuma kowanne da tsarin ƙasar da ya fito. Hannu kuwa abin da ya saba yake yi, ba ya jiran tunani.

Babur bai da wannan rikici: kusan ko'ina birkin gaba na dama, kuloci na hagu. Mota ma ƙafafunta ba sa canzawa, daga hagu kuloci, sai birki, sai totur, ko a Landan ko a Kano. Abin da ke komawa ɗaya gefen shi ne sitiyari, domin direba ya zauna kusa da tsakiyar titi ya hango abin da ke tahowa kafin ya wuce ta gabansa. Shi ya sa dokar hanya ta Nijeriya ta hana motoci masu sitiyari a dama.

Saboda haka, ko saye za ka yi ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, ko aro, kafin ka hau ka tura keken, ka matsa kowane birki shi kaɗai ka ga tayar da ya kama. In bai yi daidai da sabonka ba kuma na waya ne, mai gyaran keke zai musanya maka su. Wanda zai sayi keke don yaro, shi ya fi kowa buƙatar wannan gwaji.