Motar Gudu da Ta Daɗe a Ajiye

A kasuwar motocin kwance ta Amurka da Ingila babu abin da ke ɗaga farashi kamar ƙarancin maleji. A jera Porsche 911 guda biyu, shekararsu ɗaya, launinsu ɗaya, wannan ta ci mil 70,000 waccan kuma 12,000 kacal: ta biyun dillali zai tsawwala wa kuɗi, mai saye kuma ya biya yana ganin ya yi tsuntuwa. Irin waɗannan motoci ba su da wuyar samu. Motar gudu mai kujera biyu ba ta kai yara makaranta, ba ta zuwa cefane. Mota ce ta biyu ko ta uku a gida, ta shan iskar ranar Lahadi. A jihohin arewacin Amurka ma lulluɓe ta ake yi har sanyi ya wuce, gudun gishirin da ake zuba wa tituna don narkar da ƙanƙara. Direban yau da kullum a can yana cin kimanin mil 13,000 a shekara, amma mai Corvette ko Boxster yana iya shekara goma bai cika 20,000 ba.

Daga nan ake yanke hukuncin da ya fi kowanne jawo asara a wannan harka, wai tunda ba ta sha tafiya ba, ai sabuwa ce. Ina! Maleji tafiya yake ƙirgawa, ba ruwansa da shekaru, alhali roba da baƙin mai da man birki da batir duk da shekaru suke lalacewa, ana hawa ko ba a hawa. Wasu kayan ma zaman ne ke kashe su.

Ranar 30 ga Nuwamba 2013, a Santa Clarita ta jihar Kalifoniya, wata jar Porsche Carrera GT ta ƙwace, ta daki turken fitila da bishiyoyi, ta kama da wuta. Mutum biyu suka rasu: Roger Rodas da ke tuƙi, da Paul Walker, jarumin finafinan Fast & Furious wanda ko a gidajen kallo na Kano an san fuskarsa. Masu bincike sun ɗora laifin a kan gudu, domin motar tana tsakanin mil 80 da 93 a awa a titin da aka ƙayyade wa 45. Sai dai a cikin rahoton akwai bayanin da mai sayen mota ya fi kowa buƙata. Motar ƙirar 2005 ce, malejinta bai kai mil 4,000 ba, kuma aƙalla biyu daga cikin tayoyinta sun haura shekara tara. Tayar da ta yi irin wannan zama zanenta yana nan raɗau, ido ba zai ga aibunta ba, amma robar ta bushe ta yi tauri, ba ta riƙe kwalta yadda aka ƙera ta ta riƙe. Shekarun taya a jikinta suke. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT su ne mako da shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Kamfanonin mota da dama sun ce a sauya bayan shekara shida, Michelin ta sa goma a matsayin iyaka, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Najeriya kuwa huɗu take wa direbobi wa'azi a kai.

Sauran kayan ba sai an daɗe a kansu ba. Man birki yana zuƙar laima, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu. Fetur yana lalacewa a tanki cikin watanni. Robobin da ke tare mai sukan bushe su fara yoyo. Belin da ke daidaita bawul ma da shekaru ake auna shi, kuma a Ferrari F355 sai an sauke injin ɗungurungum kafin a kai gare shi, ko da motar daga gareji zuwa wurin wanki kawai take zuwa.

Amma babu misalin da ya kai na wani ɗan boris da ke cikin injin Porsche. Daga 1997 zuwa 2008, injinan Boxster da na 911 gama-gari, daga baya har da Cayman, suna da wani sandan ƙarfe a tsakiya da ake kira IMS. Aikinsa ya karɓi juyi daga babban sandan inji ya miƙa ta sarƙa ga sandunan da ke buɗe bawul. A ƙarshensa, ta ɓangaren giya, injiniyoyin Porsche suka sa boris rufaffe mai nasa giris, da nufin ya rayu muddin injin na raye. Dabara ce mai kyau a takarda. A zahiri kuwa, robar da ke rufe boris ɗin tana taurara da zafi da shekaru, baƙin mai ya silale ciki ya wanke giris, sannan ya maƙale a wurin ba ya fita ba ya sabuntuwa. Man da ya daɗe a inji yana tara laima da tsami, ya riƙa cin ƙananan ƙwallayen ƙarfen a hankali. Ranar da boris ya watse, sarƙa ta kuɓuce daga lissafinta, fistin ya haɗu da bawul, ɓarɓashin ƙarfe ya bi mai ya zagaye ko'ina. Sau da yawa babu gargaɗi, daga ɗan ƙara sai inji ya mutu. A tsohuwar Boxster, kuɗin wani injin kan zarce darajar motar kanta.

Ga inda labarin ya yi daɗi. Bakanikan da suka ƙware a wannan inji sun daɗe suna lura cewa motocin da ake lallaɓawa, a fito da su sau ɗaya a wata, a tuƙa su a hankali, a bar mai ɗaya ya shekara biyu a ciki, su ne suka fi shiga wannan hali. Wadda ake hawa kullum, injinta ya yi zafi sosai har laimar ta ƙone, ana sauya mata mai a kan kari, ta fi samun tsira. Wato mutumin da ya ƙara kuɗi don ya sami mai ƙaramin maleji, da kuɗinsa ya sayi mai haɗarin. Masu motocin a Amurka sun kai kamfanin ƙara a dunƙule, aka yi sulhu a 2013 a kan samfurin 2001 zuwa 2005. Alƙaluman da suka fito a shari'ar sun nuna boris mai layi ɗaya na waɗannan shekaru ya lalace a kusan kashi 8 cikin ɗari, mai layi biyu na farko kuwa ƙasa da kashi 1. Sulhun kansa yana da iyaka, shekara goma ko mil 130,000, kuma ba sai an faɗa ba, motar ajiya ba ta mil take fita daga ciki ba. 911 Turbo da GT3 wani inji ne daban a cikinsu, abin bai shafe su ba. A ƙirar 2009 Porsche ta cire sandan gaba ɗaya.

Mazda RX-8 ma haka take da nata halin: injinta mai juyi ba ya son a tayar a kashe yana sanyi, gajeren zango yana tara masa baƙi. Mazda ta tsawaita garantin zuciyar injin zuwa shekara takwas ko mil 100,000 a Amurka.

Duk wannan idan malejin gaskiya ne. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta ƙiyasta ana sayar da motoci sama da 450,000 a shekara da malejin ƙarya. Masu cewa maleji na lantarki ba ya taɓuwa su daina. Da ƙaramar na'ura ake sauya shi, ya ma fi na da sauƙi. Waɗanda suka kalli fim ɗin Ferris Bueller's Day Off na 1986 za su tuna yaran da suka ɗage Ferrari a kan jak suka sa ta a ribas don lambobin su koma baya, abin bai yi ba, motar ta ƙare a rami. 'Yan damfarar yau ba sa wahalar da kansu haka. Abin da ke tona su shi ne kwamfutar inji, domin ta Porsche tana ajiye adadin awoyin da injin ya yi yana aiki, da lokutan da aka ƙure shi fiye da ƙima. A raba mil da awa. Idan lissafi ya nuna motar ta yi rayuwarta tana tafiyar mil takwas a awa, akwai magana.

To, garanti fa? Nan ma shekarun ne ke cin mai saye. Garantin kamfani ƙafa biyu gare shi, lokaci ko tafiya, duk wanda ya riga cika. Porsche a Amurka shekara huɗu ce ko mil 50,000. Corvette shekara uku ko mil 36,000 a kan komai, biyar ko 60,000 a kan inji da giya. Ana fara ƙirgawa daga ranar da mai ita na farko ya karɓa. Saboda haka dillalin da ke nuna maleji yana cewa saura mil 40,000 na garanti, a tambaye shi kwanan watan. Wani lokaci ma garantin ba ya bin motar: a 2022 General Motors ta sanar cewa duk wanda ya sayar da sabuwar Corvette Z06 kafin wata shida, garantin ba zai koma ga mai saye ba, don maganin masu saye su juyar.

Wanda ya fi kwanciyar hankali shi ne garantin da kamfanin motar ke ba kwancen da dilansa ya duba ya amince. Na Porsche a Amurka ana duba abu 111, a ba da shekara biyu ba iyakar maleji. Motar takan fi tsada, amma wanda ya ƙera ta ne ke tsaya mata, kuma a mota irin wannan ƙarin ya cancanta.

Na uku shi ne wanda wasu kamfanoni masu zaman kansu ke sayarwa, wanda a haƙiƙa inshorar gyara ce. A cikinsu akwai na kirki, akwai kuma tarihin da ya isa a yi hattara. US Fidelis na jihar Missouri, wanda tallansa ya cika talabijin, ya karye a 2010, 'yan'uwa biyun da suka mallake shi suka tafi kurkuku. A Yulin 2024 CarShield ya amince ya biya dala miliyan 10 bayan hukumar kasuwanci ta tarayya ta zarge shi da tallan yaudara. Takardar da ta lissafa abin da ba ta biya ta fi wadda ta lissafa abin da take biya, domin a ta biyun duk abin da ba a ambata ba na mai mota ne. A duba iyakar kuɗin gyara ɗaya, a duba nawa suka yarda su biya bakanike a awa, tunda garejin Ferrari ba farashin na Toyota yake karɓa ba. Sannan ga tarkon da aka ɗana wa motar ajiya musamman: kusan dukkansu ba sa biyan abin da tsufa ya lalata ko cutar da ta riga sayen takardar, kuma suna neman shaidar sabis a kan lokaci. Mai ita na farko da ya ce mil 1,500 kawai ta yi bana, me zai sa a sauya mai, ya riga ya ba su hujjar ƙin biya tun kafin mai saye ya san motar.

Shiga filin tsere da taɓa kwamfutar inji kuwa suna iya ɓata garanti. Masu Nissan GT-R na farko a Amurka, ƙirar 2009, sun ji a jikinsu. Motar tana da tsarin tashi da ƙarfi daga tsaye, amma sai an kashe na'urar da ke hana zamewa, littafin motar kuma ya ce kashe ta don fita daga laka ko ƙanƙara ne kawai. Giya ta riƙa fashewa, kuɗinta wajen dala 20,000, kwamfuta kuma ta rubuta duk abin da direba ya yi. Sai da aka je kotu, Nissan kuma ta sauya tsarin. Akasin haka, zancen da ake yawan yi cewa kai mota garejin da ba na dila ba yana soke garanti, ba haka yake ba a Amurka tun dokar Magnuson-Moss ta 1975, muddin an yi aikin daidai an ajiye rasit. A Ingila, dokar 2015 ta ba wanda ya saya a hannun ɗan kasuwa kwana 30 ya mayar da mota mai aibu. Wanda ya saya a hannun mutum kawai ba shi da wannan.

Ga mai saye a Abuja ko Kano ko Yamai duk wannan hira ce kawai, domin garantin Amurka ba kasafai yake tsallake teku ba. Motar da ta sauka a Legas ko Kwatano ta iso ba mai tsaya mata. Kuma ya kamata a tambayi dalilin da Mustang mai mil 9,000 za ta bar ƙasarta da araha. Da yawa daga gwanjon Copart da IAA suke fitowa, inda kamfanonin inshora ke zubar da waɗanda suka yi haɗari ko ruwa ya ci, kamar ɗimbin motocin da guguwar Harvey ta nutsar a Houston a 2017. Lambar VIN mai alamomi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ita ce mabuɗi. A shafin Carfax takan fito da tarihin motar, wani lokaci a intanet ma a ga hotunanta na ranar gwanjo, gabanta a rugurguje.

A irin wannan wuri kuɗin da za a ba mai garanti gara a ajiye shi gefe, a fara da tayoyi huɗu da man birki da baƙin mai da batir, ko motar ta nuna buƙata ko ba ta nuna ba. Mai mil 60,000 da tulin rasit na kowace shekara ta fi mai mil 9,000 da ba ta da ko takarda ɗaya. Kafin a biya kuma a kai wa bakaniken da ba shi da alaƙa da dillali, ya tayar da ita da sanyin safiya ya saurara, ya karanta kwamfutarta, ya ɗaga kafet ya nemi tsatsa da busasshen taɓo. Idan Porsche ce ta shekarun IMS, ya cire matatar mai ya warware takardarta a hasken rana. Ƙyallin ƙarfe a tsakanin ninkin yana nufin boris ya fara watsewa, sai dai a fasa cinikin ko a cire kuɗin inji daga farashin.