Sauke gaban tsohuwar Beetle: araha ba ta ado

Daga wakilinmu na Arewa

Motar nan Volkswagen Beetle, wadda Yarabawa suke kira Ijapa, watau kunkuru, a da ita ce motar malamin makaranta da akawu da ƙaramin ma'aikaci. Tun daga shekarar 1975 aka fara harhaɗa ta a masana'antar Volkswagen da ke Ojo, kan hanyar Badagry a Ikko. Masana'antar ta daɗe da daina yin ta, kuma a duniya baki ɗaya an ƙera ta ƙarshe ne ran 30 ga Yuli, 2003, a garin Puebla na ƙasar Meziko, bayan an yi fiye da miliyan 21. Saboda haka wadda ta saura a hannun mutum yau ta zama kayan tarihi, kuma masu sha'awar tsofaffin motoci sukan gyara ta don ado. Ɗaya daga cikin kwalliyar da suka fi so ita ce a sauke gabanta ya kusanci ƙasa. To, aikin yana da hanyoyi da dama, wasu masu araha, wasu masu tsada, kuma ya kamata mai mota ya san bambancinsu kafin ya miƙa ta ga makanike.

Inda abin ya samo asali

Wannan ado ba a ƙasarmu aka fara shi ba. Samarin gundumar Orange ta jihar Kalifoniya a Amurka ne suka shahara da shi wajen ƙarshen shekarun 1960. Su masu tseren gajeren zango ne, kuma injin Beetle a baya yake, don haka gabanta ba shi da nauyi sosai. In ta ɗauki gudu sai iska ta shiga ƙarƙashinta, gaban ya riƙa rawa. Da suka sauke hancin motar sai ta ƙara natsuwa, ga shi kuma ta yi kyan gani. A cikin shekarar 1975 mujallar Hot VWs ta bazu da labarin wannan salo, daga nan ya yaɗu zuwa Ingila da sauran ƙasashen Turai.

Amma tun kafin wannan, hukumar Kalifoniya ta riga ta kafa doka a shekarar 1958 wadda ta hana a sauke mota har wani sashe na jikinta ya fi bakin ƙarfen wili kusa da ƙasa. Hikimar dokar a fili take. In taya ta fashe ana cikin tafiya, motar za ta zauna a kan wili ne ta ci gaba da gangarawa, cikinta ba zai kafe a kwalta ba. Wannan ma'auni ne mai kyau ga kowa, ko a ina yake zaune.

Yadda gaban motar yake

Kafin a taɓa kome, sai a san abin da ke ɗauke da gaban. Beetle ta asali ba ta da sifirin mai murɗe irin na yawancin motoci. Abin da take da shi bututu biyu ne na ƙarfe a kwance, ɗaya bisa ɗaya, daga wannan taya zuwa waccan. A cikin kowane bututu akwai ƙunshin faifayen ƙarfe dogaye sirara, an jera su bisa juna. An damƙe ƙunshin a tsakiyar bututun da kusa da noti, bakinsa biyu kuma sun shiga cikin hannuwan da ke riƙe da taya. Idan taya ta hau tudu, sai hannun ya murɗa ƙunshin kamar yadda ake matse wanki, shi kuwa ya yi ƙoƙarin warwarewa ya komo yadda yake. Wannan murɗawa da warwarewa ita ce sifirin ɗin motar.

Abin lura a nan shi ne, tsayin gaban motar ya dogara ne ga yadda aka saita damƙar nan ta tsakiya. In an juya ta kaɗan, hannuwan za su ɗaga, motar ta sauka, alhali ƙarfin sifirin yana nan bai ragu ba.

Bugu da ƙari, gaban Beetle iri uku ne. Waɗanda aka ƙera a Jamus kafin watan Agusta na 1965 suna da fil-fil na ƙarfe a mahaɗar taya, na bayansu kuma suna da boljoyin. Sai kuma samfurin 1302 da 1303 na farkon shekarun 1970, waɗanda suke da sifirin mai murɗe. Kayan wannan ba ya shiga wancan, saboda haka a leƙa ƙarƙashin mota a tabbatar da irin nata kafin a sayi ko da noti ɗaya.

Hanyoyin da suka fi araha

Hanya ta farko da mai neman sauƙi yakan bi ita ce a zare wasu daga cikin faifayen ƙarfen nan. Ba a sayen kome, kuma lalle motar za ta sauka. Amma ta sauka ne domin an raunana abin da ke ɗauke da ita. Faifayen da suka rage sai su ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsu, gaban ya yi laushi ainun, ko ƙaramin rami aka faɗa sai ƙarfe ya daki ƙarfe. In aka taka birki da ƙarfi, hancin motar ya nutse, taya ta goga madigadi. Daga bisani faifayen su gaji su karye, kuma samun wasu yau ba abu ne mai sauƙi ba.

Wasu kuma sukan loda buhun yashi ko tubali a but na gaba. Wannan ma yana sauke motar, sai dai ya cinye rabin tazarar da sifirin ke motsi a cikinta tun ba a bar ƙofar gida ba, ga ƙarin shan mai.

Ga masu samfurin 1302 da 1303, abin da aka saba yi shi ne a yanke zagaye ɗaya ko biyu na sifirin, ko a gasa shi da wutar walda har ya lanƙwashe. Yankewa tana sa sifirin ya ƙara tauri, kuma in ya gajarta da yawa yana iya zamewa daga mazauninsa sa'ad da taya ta rataya. Gasawa kuwa ta fi muni, gama wuta tana kashe ƙarfin da aka yi wa ƙarfen a masana'anta, ba wanda zai iya sanin ranar da zai karye. Waɗannan hanyoyi su ne ake ce wa garin gyaran gira a rasa ido.

Hanyar da ta dace da mai ƙaramin ƙarfi

Mai son aiki nagari ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba, sai ya koma ga damƙar tsakiya. Ana sauke bututun biyu daga mota, a zare faifayen, a yanke guntun tsakiyar bututu, a juya shi kaɗan, a sake walda. Wannan ba ya cin kome sai ladan mai walda, amma in an yi an gama, ba gyara sai an sake yankewa.

Abin da ya fi shi ne a sayi ƴan ƙarafan saiti guda biyu waɗanda ake yi musamman domin wannan aiki, a yi waldarsu a gurbin damƙar. Da su, ana iya sauke motar ko a ɗaga ta da sifana kawai. Wannan ya dace da hanyoyinmu, gama mai mota yana iya sauke ta don yawon gari, in damina ta zo hanya ta lalace kuma ya mayar da ita sama.

Akwai sharuɗɗa uku a wajen waldar. Na farko, tankin man Beetle mai cin lita 40 a gaba yake, daidai bisa bututun nan, don haka kada a kuskura a kunna wuta sai an fitar da bututun an kai su nesa da motar. Na biyu, a yanke bututu ɗaya a gama waldarsa sannan a taɓa na biyu, domin ɗayan ya riƙe saitin kada abin ya karkace. Na uku, a yi waldar kaɗan-kaɗan ana barin ƙarfen ya huce, saboda akwai bushi a cikin bututun waɗanda zafi yake lalatawa. Kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, sai an tokare ta da abu mai ƙarfi.

Wanda aljihunsa ya ɗan fi nauyi yana iya sayen sandunan taya na musamman, watau ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, waɗanda aka ƙera da mazaunin taya a sama da na asali. Suna sauke mota kimanin inci 2 da rabi ba tare da an taɓa sifirin ba, tafiyarta kuma tana nan da laushinta. Sai dai wasunsu sukan turo taya waje kaɗan, har ta riƙa gogar madigadi in an karya kwana.

Kuɗin da ba a lissafawa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka aiki ya ƙare da zarar mota ta sauka. Akwai sauran abubuwa, kuma su ne suke raba motar ado da motar asibiti.

Mai karatu ya dubi ƙafar gaba ta keke, zai ga ta ɗan kishingiɗa baya. Wannan kishingiɗa ce take sa keke ya miƙe sosai in yana gudu. Gaban mota ma haka yake. Idan hanci ya sauka baya yana nan a sama, kishingiɗar tana raguwa, sai motar ta riƙa yawo a kan titi, direba yana ta kokawa da sitiyari. Maganinsa wasu ƴan faranti ne masu lanƙwasa da ake cusawa a bayan bututun ƙasa. Ba su da tsada, amma sau da yawa ana mantawa da su.

Sai shokozoba. In an juya damƙa motar ta sauka da yawa, na asali yakan yi tsawo, ya riƙa ƙurewa kafin sifirin ya gama aikinsa, don haka sai an nemi gajere. Boljoyin ma yana da iyakar karkatar da zai iya yi, in an wuce ta sai ya cije, kuma boljoyin da ya tsinke ana cikin gudu yana nufin taya ta kwanta. Bayan haka dole ne a kai motar wajen masu alaimen, in ba haka ba sababbin tayoyi za su cinye cikin ɗan lokaci. A ƙarshe a sake saita fitilun gaba, gama yanzu ƙasa suke kallo, direba ba zai hangi nesa da dare ba.

Nawa ya kamata a sauke?

Tsakanin cikin Beetle da ƙasa kimanin inci 6 ne yadda ta fito daga masana'anta. Kowane inci da aka rage, an rage shi ne daga abin da ke tsakanin motar da tudun rage gudu, da bakin kwalbati, da duwatsun hanyar ƙauye. Samarin Kalifoniya a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta suke tafiya, mu kuwa mun san irin tamu. Inci 2 ya isa ya canza kamannin motar, kuma a wannan mataki yawancin kayanta na asali suna iya ci gaba da aiki. Daga nan zuwa ƙasa, kowane ƙarin inci yana jawo sayen wani sabon abu.

Saboda haka shawarar da za mu ba mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya yi tsimin kuɗinsa ta wajen rage yawan saukewar, ya bar faifayen sifirin yadda suke, ya nemi mai walda wanda ya san hannunsa, ya kuma ware kuɗin alaimen da faranti tun kafin a kwance noti na farko. In kuɗin bai kai ba, gara ya bar motar a tsayinta har ya tara. Kuma duk abin da aka cire na asali a adana shi, domin ba a ƙera Beetle yanzu, wata rana kuwa shi ko mai saye zai so a mayar da ita yadda take.